Ranar da Baba Ya Tsare Gida

Ina ɗan shekara bakwai wani Bature mai rangadi ya haɗa leburorin hanya wasan ƙwallo a Bagudo. Babana ne mai tsaron gida, ko takalmi babu. Sau uku Baturen ya buga, sau uku Baba ya cafke. Tafintan Baturen ya matso ya ce, "Malam, bar ɗaya ta shiga mana."

Baba ya share gumi ya ce, "Tsaron gida anka ba ni, ba fadanci ba."

Ana tashi suka karɓe digarsa, suka sallame shi daga aiki. Ya kama hannuna muka nufi gida. Na tsufa yanzu, amma har yau ban huce ba.