Koren Littafin da Ya Ƙi Ɗauka

Mai gyaran waya ya dire littafin a teburin ma'aikaciyar ɗakin karatu, har ƙura ta tashi.

"Shi ma bai faɗa ba. Kowa ya iya auna basira kamar mai awon hatsi, amma ba wanda ya ce ga yadda ake cika mudun."

"Malam, na gaya maka da koren can ake farawa. Duk mai son sanin binciken basira ta ƙofarsa yake shiga. Sauran almajiransa ne."

"Ba ni kowanne, ban da shi."

"Taurin kai dai. Ashe yaron naka gado ya yi."

Ya bar ta da zatonta. Ya karɓi wanda ta miƙo, mai maganar tagwayen da aka raina a gida daban-daban, ya fita.

Ranar Litinin zai mayar da wanda yake koya wa a gida wurin likita, a sake gwajin basira. Yayarsa ta riga ta yanke: in aka sake faɗuwa, sai gidan da ake kula da irinsu. "Ba za ka haɗa shago da raino ba," in ji ta.

Shi da ya bar makaranta saboda a gida an ce kansa ba ya ɗauka, yanzu shi ne mai bin shafi da yatsa. Wani littafin ya ce gado ne, wani ya ce tarbiyya, wani ya zana tudu ya ce yawancin mutane a tsakiya suke. Ɗalibin nasa yana can gangare, inda layin ya kusa taɓa ƙasa.

Da yamma ya baza katuna a tabarma: da'ira, murabba'i, da'ira.

"Me zai biyo baya?"

Ɗalibin nasa ya ɗauki da'irar ya cusa a baki, yana dariya. Shayi ya ɓata masa gaban riga, takalmin hagu yana ƙafar dama. Mai gyaran waya ya daka masa tsawa, sannan ya fita bakin famfo ya daɗe yana wanke fuskar da ba ta yi datti ba.

Ranar Asabar ma'aikaciyar ta gaji. Ta tura koren cikin jakarsa. "Wannan umarni ne. Na taɓa sauraron marubucin, ban ga kai irin nasa ba."

Hannunsa ya san nauyin littafin tun kafin ya iya karatu.

A gida jakar ta kife, koren ya zame kan tabarma. Ɗalibin ya bar katunan ya ɗauke shi. Ya shafa bangon a hankali, ya juya bayansa, ya ƙura wa hoton mai tabarau ido.

"Wannan da gani ya san abubuwa," ya ce. "Wane ne?"

Mai gyaran waya ya sa gefen rigarsa ya goge masa haɓa.

"Kai ne, Baba."