Karsanar da Gwadabe Ya Ƙi Yankawa

Gwadabe na Utai bai manta ba. Da damina shanun maƙwabcinsa Maikano suka faɗa masa gona, suka cinye dawa ƙarƙaf. Maikano kuwa ɗan kwangila ne, a shekarun nan da kuɗin man fetur suka ɗaga wa mutane hanci. Ko haƙuri bai ba shi ba.

Da rani sai karsanar Gwadabe ta fara zawo, ido na kwantsa, baki na dalala. Matarsa Barakatu ta leƙa turke ta ce, "Malam, annobar bushiya ce fa. Ka yanka ta ka binne, tun ba ta shafi shanun huɗarmu ba."

"In yanka? Ai Allah ne ya miƙo mini sanda," in ji shi. "Wallahi sai Maikano ya ɗanɗana abin da na ɗanɗana."

Kullum sai ya ɗura mata ruwan kanwa don ta iya tsayuwa, ya kora ta mashayar da shanun Maikano ke sha. In ta turje, ya tura ta da kafaɗa. Ya dawo gida zuciya fari ƙal, wai shi mai ramuwa. Kaico!

Ashe Maikano ya yi wa nasa allurar rigakafi a Wudil. Ko atishawa ba su yi ba. Shanun huɗar Gwadabe biyu, masu kwana turke ɗaya da karsanar, su suka kwanta, ba su tashi ba.

Malamin dabbobi da ya zo sa a binne su ya ji labari, ya girgiza kai. "Malam Gwadabe, jiki yana da dabara. In cutar da ake kira bairas ta shiga ɗaya daga ƙwayoyin jiki, sai ƙwayar ta kashe kanta don saura su tsira. Wani bairas ɗin kan hana ta mutuwa har ya gama hayayyafa a ciki, sannan ya halaka ta ya bazu. Aikin da ka yi wa cutar nan ke nan a turkenka."

Da ruwa ya sauka, Gwadabe na duƙe da garmar hannu, hawaye na zuba. Ko rabin gonar bai nome ba.

Jama'a, dabbar da annoba ta kama a ware ta, a kira ma'aikata. Mai kiwon cuta don ya rama, gidansa take fara cinyewa.