Ƙanƙarar da Ta Girmi Kowa

Injin ɗakin sanyi na jami'a ya mutu da tsakar rana, mai gyara kuma ya ce sai gobe.

Malamar kimiyyar da ke kula da ɗakin ta kasa zaune, ta kasa tsaye. Sandunan ƙanƙara shida ne a hannunta, an haƙo su daga can ƙarshen duniya, kowace ta shekara dubu ɗari. A jikinsu take karanta yadda teku ya taɓa tumbatsa ya cinye ƙasa. Ga su nan sun fara zufa.

Ta kira shugaban sashe, waya a kashe. Sai ta kira mutumin da ba ta taɓa bari abokan aikinta su gani ba.

Babanta ya iso da amalanke cike da garin katako. Shekara talatin yana sayar da ƙanƙara a bakin kasuwa. Ya naɗe kowace sanda a buhu, ya binne ta a cikin garin katakon, yana faɗa: "Ku rufe ƙofar nan, kuna ba ta iska!"

Da zufar ta tsaya, ya goge hannu, ya dubi farar rigarta ta aiki.

"Ashe sana'ata kika gada, 'yar nan, kike ɓoye mini."