Waya Irin Ta Boyd

Karo na uku ke nan Darlene na dawowa ta tarar da wayar wutarta yashe a ƙasa, allurar ciwon sikarinta ta lalace a firij.

Turken wuta ɗaya motarta ta tafi-da-gidanka, wadda take zaune a ciki, ke sha da ta maƙwabcinta Boyd, ita a soket ɗin hagu, shi a na dama. In suka ja tare, wutar ɗaukewa take yi. Shi ya sa duk ranar da zai fita kamun kifi sai ya fizge tata, don firizarsa da ke shaƙe da naman barewa ta sha sanyi.

"Boyd, kai ka cire min waya?"

"Haba 'yar tsohuwa! Wannan baƙar igiyar taki da kanta take faɗuwa. Ki sayi irin tawa mana, rawaya mai kauri."

Ta shiga gari ta sayo.

Ran Asabar Boyd ya fizge ta hagu, ko kallo bai yi ba, ya wuce tafki. Zafin Texas ya yi aikinsa.

Ran Litinin wari ne ya tarye shi tun daga ƙofa.

"Uban wa ya cire min wuta?"

Ya bi wayar da ke ƙasa da ido. A jikin motarsa ta ƙare.

Darlene ta kurɓi shayinta mai ƙanƙara.

"Tunda na sayi irin taka nake rikita soket, maƙwabci. Ka san tsufa."