Gyaran Iya Lantana

Tun da aka kafa ma'aunin hukuma a kasuwar garinmu, ba a tayi, ba a gyara. Farashi ɗaya ne ga kowa, kuma gaskiya ba a ƙara cutar kowa ba.

Ranar Laraba na je sayen gero wurin Iya Lantana, wadda mahaifiyata Tabawa take ciniki da ita har ta rasu. Ta auna, fitilar ma'aunin ta nuna kore. Sai hannunta ya koma buhu da kansa, ya damƙo gero, ya tsaya a sama.

Na ce, "Iya, mayar. In fitilar ta nuna ja, rufe rumfar za su yi. Wai gyara son kai ne."

"Na sani, Tanimu," in ji ta. "Uwarka sai ta zauna nan tana ce mini na cika tsada, ina ce mata albarka. A wannan musun nake jin wa ke kwance a gidanku, wa ya samu aiki. Yanzu ku miƙa, in miƙa, ku wuce. Ko aure ka yi, ban sani ba."

"Na yi, Iya. Har an haihu. Geron na kunun maijego ne."

"Me aka samu?"

"Mace. Sunan Inna za a sa mata."

Ta dube ni, ta dubi ma'aunin, sannan ta buɗe hannunta, geron ya zuba a kansa. Fitila ta koma ja, ƙarar ma'aunin ta cika layin 'yan hatsi.

"Su zo su rufe," in ji ta. "Ba zan aika wa takwarar Tabawa awo cif-cif ba."