Kan Burtun da Ba a Ƙone Ba

Ranar Talata, tara ga Maris, 2088, burtu huɗu suka rage a duniya, dukkansu 'yan tsakin da aka ƙyanƙyashe a cibiyar bincike ta gidan namun daji. Kwana biyu suna ƙin abincin da na'ura ke miƙa musu.

Shugabar cibiyar, Dakta Uwani, ta nemi tsohon maharbi Ɗantsoho.

"Baba, kan burtun da kuke ɗaurawa a goshi ku yaudari nama, yana nan?"

"'Yar nan, ai dokarku ta ce a ƙone."

"Na sani. Yana nan?"

Yana nan kuwa. Ɗantsoho ya ɗaura shi, ya durƙusa, ya miƙa musu fara da bakin kan burtun. Duk huɗun suka haɗiye.

Shekaru da yawa sun wuce. A ƙidayar bana burtu sun kai dubu uku da goma sha ɗaya, kuma babu mai gudun mutum idan ya durƙusa.