Wayar Marigayi Ta Ƙi Bin Umarni

Rabiou ya sake kashe wayar ya kunna, ya zuba mata ido kamar mai jiran sakamakon asibiti. Haske ya kawo, komai ya tashi. Ya maƙala abin ji a kunne, ya taɓa fayil ɗin, nan take ya fizge shi ya yar a kan tebur. Yau ma bai yi ba.

A unguwar PK8 kaf babu mai gyaran waya kamarsa, shi ma kuma ya san haka har ya yi yawa. Wannan wayar ma shi ya sake mata manhaja da hannunsa, ya sa ta riƙa naɗar duk kiran da ya shigo, domin mai ita, yayansa Abdoulaye, direban taksi ne mai mance kwatancen fasinja. Yanzu Abdoulaye ya riga mu gidan gaskiya. Ya yi karo da motar katako a hanyar Owendo ranar wani ruwa kamar da bakin ƙwarya, jandarmomi suka ce gudu yake. Duk wanda ya ji sai ya riƙe baki, don mutum ne da har mai keke kan wuce shi.

Abu biyu aka tsinta a motar: wayar, da kwalin gilasan waya da ya ɗauko wa Rabiou daga tashar jiragen ruwa. Kwalin yana nan ƙarƙashin tebur, ko salatif ɗinsa ba a ɓare ba.

Matar marigayin, Bilkissou, tana takaba a unguwar Sotega. Buƙatarta guda ce: a gyara wayar ta ji muryar mijinta ta ƙarshe, kafin ta fita takaba ta koma Maradi.

Gilashi da batir bai ɗauke su a bakin komai ba. Fayil ɗin ranar ruwan ne ya hana shi sakat. Kowane fayil a waya yana da izininsa, wa zai buɗe, wa ba zai buɗe ba. In ya canza izinin da hannu sai ya zauna, amma da an kashe an kunna sai ya koma yadda yake. Ya rubuta umarnin a cikin jerin da waya ke karantawa tana tashi. A banza: umarnin na riga ma'ajiyar fayilolin farkawa, ya yi sallama babu kowa a gida. Ya jinkirta shi, tsaron manhajar ya ture shi gefe. Ya bi zaurukan masu gyara a intanet da Faransanci da guntun Turancinsa, kowa da shawararsa, babu wadda ta ci.

Abinci ya daina shiga. In ya je gaisuwa, sai Bilkissou ta tambaya daga bayan labule.

"Rabiou, salular fa?"

"Da ɗan saura, Yaya."

"Allah ya yi maka albarka, kana ta wahala da mu."

Da zaginsa ta yi, da ya fi masa sauƙi. Sai ya fito yana share ido, ya ce hayaƙin motoci ne.

Ranar da ta fita takaba, da hantsi, sai ga ta a ƙofar shago da kanta.

"Ba ni ita haka nan, ko ba ta gyaru ba. Gobe jirgi."

Ya ɗauko wayar daga kan tebur. Ya miƙa mata a kashe. Ta zauna a benci ta kunna, ta bi kwanan wata da yatsa har ta kai ranar, ta taɓa.

Fayil ɗin ya buɗe, kamar yadda yake buɗewa tun ranar farko. Rabiou bai taɓa neman buɗe shi ba; kulle shi yake ta fama ya yi, don goge muryar yayansa ya fi ƙarfin zuciyarsa. Shagon ya cika da ƙarar ruwa, Abdoulaye yana cewa a hankali bari ya tsaya a gefe sai an ɗauke, sai muryar Rabiou ta katse shi a fusace: "Haba Yaya, wane irin tsayawa? Masu waya na jirana, taka motar mana!"